Facin da Ya Rage a Laftof ɗin Baba

Laraba, 13 ga Agusta, 2025

Alhamdu lillahi, an yi ruwa da asuba, gari ya yi daɗi, kuma an bar mana wuta har azahar. Ban san wanda ya yi wa 'yan wuta addu'a ba, Allah dai ya ƙara masa.

Sanarwa ta fito daga masu manhajar imel da muke aiki da ita a ofis. An gano ɓaraka, kuma ba ƙarama ba. Mugu zai aiko maka da saƙo mai kama da gayyatar taro, ba sai ka buɗe ba, ba sai ka taɓa komai ba. Manhajar na karɓarsa, ita da kanta za ta miƙa masa mabuɗin akwatinka. Sai da na sake karantawa, don na ɗauka idona ne. Sun fitar da faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, sun ce a saka a kowace kwamfuta yau, kada a kai gobe.

Na saka a tawa, na saka a ta Malam Sule manaja, na saka a ta Madina mai karɓar baƙi. Madina ta yi ta ƙunƙuni wai na katse mata aiki, alhali ina ganin fim ɗin da ta ɓoye a ƙasan allo.

Saura ta Baba.

Ko a nan da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya iya rubuta sunansa. Mahaifin mijina ne, kuma shi ne mai wannan kamfani na kai mutane Umara da Hajji. Tun da aka kawo ni gidansu a Ƙofar Sauri, abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce kawai: in durƙusa daga bakin ƙofa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Aikin nan ma shi ya ba ni, amma ta bakin Hajiya surukata saƙon ya zo, wai ba zai yiwu a yi karatun kwamfuta a zo a ajiye takarda a ƙasan akwati ba. Har gobe ina gode masa, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Matsalar ita ce adireshinsa na imel daban yake da na ofis, tsoho ne, shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Ta nan hotunan fasfo ɗin maniyyata ke fita, ta nan wakilanmu na Saudiyya ke turo biza. Laftof ɗin kuma kullum tana hammatarsa, da 'yar na'urar intanet ɗinsa a aljihun jaka. Ga ayarin Umarar Maulidi zai tashi ƙarshen wata.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na kira Muttaka a Zariya, inda yake kwas ɗinsa na harhaɗa magunguna. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Mijina sai ya kama dariya, wai shi da ya tashi a gidan bai taɓa ganin wani ya ɗauki jakar nan ba, ko da sunan taimako. Ya ce zai gaya wa Hajiya, ita ta san lokacin da ake yi wa Baba magana.

Ke nan daga ni sai Muttaka, daga Muttaka sai Hajiya, daga Hajiya sai Baba. Alhali tsakanin teburina da ƙofarsa, in ya yi tari ina ji.

Juma'a, 15 ga Agusta

Saƙo ya isa, in ji Hajiya. Ta kira ni ɗakinta bayan la'asar, ta turo mini kwanon dambu mai zogale, ta ce in kwantar da hankalina. Na tambaye ta a hankali yadda ta faɗa masa. Ta ce ai ta ce masa Zulaihat na ganin kwamfutar nan tana son 'yar kulawa.

Ashe shi ya sa da safe na ga an kira mai shara ya goge laftof ɗin da tsumma mai tsabta, ciki da waje. Har sabuwar jaka aka sayo mata, mai ruwan toka.

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na cinye dambun dai, don ba shi da laifi. Hajiya mutuniyar kirki ce, wallahi, ba kowa ke dace da irinta ba. Sai dai ba ta iya kai wa mijinta magana mai kaifi, sai ta dakushe ta tukuna.

Asabar, 16 ga Agusta

Wanki, kitso, ciwon kai. Jakar ta yi kyau kam.

Litinin, 18 ga Agusta

Yau Inna Hajo ta zo ofis. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa da kuka a Babbar Kasuwa, tana cikin ayarin bana. Ta kwance fasfonta daga cikin ƙyalle, cikin wani ƙyallen, kamar mai fito da zinariya. Ni na ɗauki hotonsa. Tana ta kallon hannuna kada in lanƙwasa mata shi. Ta ce tun tana goyon ɗanta na fari take wannan niyya, yanzu jikokinta sun yi aure. Da Madina ta ce mata kada ta damu, sai ta ce:

"Damuwar mi, ɗiyata? Na ba Alhaji amana. Ko barci nike na san abuna na wurin da ba a taɓa shi."

Ta bar mana daddawa ƙulli guda, ofis ya yi ta ƙamshi har yamma. Ni kuwa maganarta ta tsaya mini a ƙirji. Na san inda hoton fasfonta zai kwana.

Na tari Malam Sule, tunda shi abokin Baba ne tun suna samari. Na ce masa ya ɗauka katangar gida ce ta tsage ta baya, kowa a unguwa ya ji labari, maigida kaɗai ne bai sani ba. Ya gane sarai. Ya ce gobe da safe zai shiga, ba zai fito ba sai da laftof a hannunsa. Allah ya saka masa, ya saurare ni har ƙarshe bai duba agogo ba.

Talata, 19 ga Agusta

Ya shiga. Ya daɗe ƙwarai. Ina jiyo su suna gaisawa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka gangara gonar Baba ta Batagarawa, aka yi maganar tsadar taki, aka yi dariya. Ya fito hannu rabbana yana saɓa babbar riga.

Wai ya faɗa. Na matsa masa ya maimaita mini yadda ya faɗa, sai ga shi: yarinyar nan tana so ta ɗan duba kwamfutar, in an samu sarari. Baba kuma ya ce madalla, bayan maniyyata sun tashi sai a ba ta.

Bayan sun tashi! Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana. Kowa ya karɓi maganar sai ya rage mata gishiri don girmamawa, kafin ta isa ta zama ruwa. Kuma ba wanda ya yi don mugunta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba wanda zan yi wa faɗa.

Malam Sule ya ga fuskata ya ce in yi haƙuri, babba ba a zo masa da magana gaba-gaɗi. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 20 ga Agusta

Madina ta zo da labari, yau ko fim ba ta kunna ba. 'Yar ƙanwar babarta tana aiki a wani kamfani irin namu a Kano. An shiga akwatin mai kamfanin ta wannan ɓarakar, an kwashe hotunan fasfo, an yi ta aika saƙo da sunansa. Da wakilansu na Saudiyya suka farga, sai suka dakatar da bizar ayarin gaba ɗaya har sai an yi bincike. Mutane sun riga sun yi sallama da dangi, sun ɗinka harami. Wai mai kamfanin ko masallacin unguwarsu ya daina zuwa don kunya.

Na tuna yadda Baba ke tafiya a kasuwa, kowa na miƙo hannu. Ba shi da wani abu da ya fi sunan nan.

Na tashi na je har bakin ƙofarsa. Na ji yana waya. Na dawo na zauna. Ƙafafuna ne suka dawo da ni, ba ni ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Baba da Hajiya sun tafi ta'aziyya Rimi tun da safe, sai gobe. Ya kulle laftof a ofishinsa. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai yau a kashe take.

Bayan azahar saƙon ya shigo. Gayyatar taro daga sunan da ba mu sani ba, zuwa gare ni, da Madina, da Malam Sule, lokaci guda. Na duba cikinsa, shi ne sak yadda sanarwar ta kwatanta. A wurinmu bai yi komai ba, faci ya tare shi. Amma wanda ya samo adireshinmu ai ba zai rasa na Baba ba, wanda ke jikin allon ƙofar ofis da manyan baƙaƙe. Yana can yana jira. Baba na ɗaga murfi, na'urarsa ta kama intanet, shi ke nan.

Na kira Muttaka, waya a kashe, suna jarrabawa. Na kira Hajiya, ba ta shiga. Malam Sule ya ce ba a kiran mutum a wurin makoki a yi masa maganar kwamfuta, a bari ya dawo ya huta, shi zai san yadda zai ɓullo masa.

Na san yadda zai ɓullo masa. Ta gonar Batagarawa.

Juma'a, 22 ga Agusta

Bari in rubuta tun abin da zafinsa.

Na riga kowa zuwa ofis, na sauke facin a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na riƙe a hannu. Niyyata in tsare Malam Sule a ƙofa in ce yau ba gona ba taki. Sai ga shi ruwa ya tsare shi a gida. Baba kuwa daga Rimi kai tsaye ofis ya wuce, ko gida bai biya ba, don yana jiran biza.

Ya wuce ta gabana, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya hanya, ya aka ji da haƙuri. Ya amsa ya shige. Na ji ƙarar mabuɗi, na ji zif ɗin sabuwar jakar nan. Madina ta zuba mini ido.

Ban san lokacin da na isa ba. Na yi sallama, ban jira an amsa ba na shiga, abin da ban taɓa yi ba. Ya riga ya kunna 'yar na'urar intanet, hannunsa na kan murfin. Na ce, "Baba, kada a buɗe." Muryata ta fito 'yar ƙarama, ina jin bai ji ba, don ya ci gaba da ɗagawa. Sai kawai na ga hannuna a kan murfin, na danne shi ya rufe.

Hannuna a kan kayan surukina, shi kuma nasa bai ɗauke ba. Da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Na zube a gefen tebur, kaina a ƙasa, amma ban saki murfin ba. Can ya ce:

"Zulaihat. Lafiya?"

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Kullum "yarinyar nan" ce ko "mutanen gidan Muttaka".

Na ce a gafarce ni, ba lafiya ba. Ya janye hannunsa, ya nuna mini kujera. Na ce nan ma ya isa. Ya ce, "Tashi ki zauna bisa kujera ki yi mani bayani. Da bakinki nike son ji."

Na zauna a ɗan gefen kujerar, ina kallon carbinsa da ke kan tebur, na faɗa masa komai. Ɓarakar, saƙon jiya, abin da ya faru a Kano, fasfon Inna Hajo. Ban rage gishiri ko kaɗan ba. Da na fara sai na ga ashe maganar ba ta da wani tsawo, ko shayi ba zai huce ba. Bai katse ni ba. Tambayarsa ɗaya, tun yaushe na sani. Na ce tun Larabar makon jiya. Ya yi salati a hankali.

"Ni an ce mani goge ta za a yi," in ji shi. "Sule kuma ya ce ba sauri."

Na ce ai sun yi ƙoƙari, nauyinsa ake ji. Ya dubi laftof ɗin ya ce:

"Kunya abu ce mai kyau, kuma na yaba da taki. Amma fasfon nan ba nawa ba ne, na mutane ne. In gidana ya kama wuta, ba ni son a aiko mani Sule ya fara da gaisuwa."

Ya kashe na'urar intanet da kansa, ya juyo da laftof ɗin gabana, ya tura. Na kunna ta ba intanet, na saka facin daga filash, na sake tayar da ita. Yana zaune yana kallo kamar wanda aka shiga da ɗansa ɗakin tiyata. Da na tabbatar facin ya zauna, muka kunna intanet. Saƙonni suka fara zubowa, ga shi nan kuwa a tsakiyarsu, gayyatar taro, sunan nan dai na jiya. Na nuna masa da yatsa. Ya sa tabarau ya leƙa, ya ce yanzu wannan ɗan abin ne? Na ce shi ne. Na goge shi. Na duba tarihin shiga akwatin, ba baƙon da ya taɓa shiga. Allah ya rufa asiri, ba wayonmu ba.

Na ce sai an canja kalmar sirri, na juya baya don ya rubuta. Ya ce in juyo, wadda ta danne masa hannu ai ta wuce a ɓoye mata. Da na ga tsohuwar kalmar sai da na ciji leɓe. Sunan kamfani ne da shekarar da aka buɗe shi, yadda suke a allon waje.

Da zan fita ya ce Allah ya yi mini albarka. Na kai teburina na kifa kai na yi kuka sosai, Madina na ta yi mini fifita da fayil. Kukan daɗi ne, da na tsoron da ya zo a makare.

Asabar, 23 ga Agusta

Labari ya riga ni isa gida. Hajiya na ganina ta kama baki, wai ga jarumar da ta kama hannun Alhaji, ita da ta shekara arba'in da shi ba ta taɓa rufe masa ko littafi ba. Na rufe fuska da mayafi na ce murfi na kama, ba hannu ba. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ya ba ta labarin sau biyu, kuma ba da fushi ba.

Muttaka ya kira da yamma yana ta ba da haƙuri. Wai Baba ya kira shi ya ce ya yi dacen mata, ya riƙe ni da kyau. Na ce ya maimaita. Ya ce ai na ji. Na ji ɗin, so nake in ƙara ji.

Litinin, 25 ga Agusta

Malam Sule ya zo da tsire a takarda ya ajiye mini ya koma teburinsa. Na gane. Mun ci tare da Madina.

Alhamis, 28 ga Agusta

Biza ta fito, ta kowa da kowa. Ni na buga ta Inna Hajo na miƙa mata. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta gane hotonta, ta ɗora takardar a kai tana ta hamdala. Ta ce ai ita ta faɗa, abin da aka ba Alhaji ba ya taɓuwa. Na ce ƙwarai kuwa, Inna. Ba ta san komai ba, kuma haka na fi so.

Ta tambayi sunana don ta yi mini addu'a a gaban Ka'aba. Na faɗa mata, na ƙara da na mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Da yana raye da shi zan fara kira ranar Juma'ar da ta wuce.

Lahadi, 31 ga Agusta

Sun tashi. Mota ta ɗauke su daga ƙofar ofis zuwa filin jirgi a Kano, ana ta ɗaga hannu. Allah ya kai su lafiya, ya karɓa.

Laraba, 10 ga Satumba

Wani facin ya fito, na wata-wata, ba mai tayar da hankali ba. Na saka wa kowa. Na ɗauki filash na je na yi sallama, aka ce in shigo. Malam Sule na nan a teburinsa fa, amma na ga yana da aiki, ba sai na dame shi ba. Dalilin ke nan kawai.

Kafin in gama gaisuwa ya turo laftof ɗin. Ana cikin sakawa ya ce wai sabuwar kalmar sirrin nan ta yi masa tsawo, ko za a maido da ta da. Na ce ba za a maido ba. Ya ce shi ne fa mai kwamfutar. Na ce na sani, Baba, amma ba za a maido ba. Ya yi dariya ya ce to, an ji.

Daga nan ya shiga ba ni labarin zuwansa Makka na farko, da yadda ya ɓace a Mina. Facin ya daɗe da gamawa, na ga ya gama, na dai bar shi ya ci gaba. Sai da aka kira azahar na tashi.

Madina ta ce wai a tsakiyar kujerar ta hango ni zaune, har da jingina. Ban lura ba. Bayana ne ke ciwo kwana biyun nan.